Kututturen da Kawu Muzzammil Ya Goge

Kawu Muzzammil ƙanen mahaifiyata ne, autan Kaka Jidda, kuma shi ne na farko a danginmu da ya ga teku. Har yau ba mu gama jin jiki daga wannan ganin ba.

A Wurogauri aka haife shi, can ƙasar Kalgo. Ya taɓa noma kaɗan, kamun kifi kaɗan, ɗinki kaɗan, komai dai kaɗan. Shekara tara da suka wuce ya bi motar albasa zuwa Legas, ya yi wata bakwai. Abokan tafiyarsa suka dawo da sana'a. Shi kuwa ya dawo da waya mai ido uku a bayanta, da kalma guda da ya tsinto a bakin ruwan birnin: lagun. Gulbin da ya sha tun yana goye, wanda uwarsa ta wanke tsummokaransa a ciki, ranar da ya dawo sunansa ya koma lagun. Kafin mako ya zagayo duk garin na kiransa Ɗan Lagun, shi kuma yana amsawa da murmushi, ya ɗauka sarauta ce.

Daga nan aikinsa ya zama ɗaukar hoton ruwa. Da hantsi mutane na duƙe cikin shinkafa, Kawu na kwance rubda ciki a bakin gulbi, yana jiran balbela ta tsaya inda yake so. A wayarsa akwai hotunan babbar gadar Legas da dogayen benaye suna kallon kansu cikin ruwa, kuma burinsa gulbinmu ya fito kamar su. Gulbi kuwa ya ƙi. Ga mata na wanki, ga shanu sun dama laka, ga leda ta maƙale a ciyawa. Sai ya samo wata manhaja, ya goga yatsa a kan abu, abin ya ɓace. Da ita ya kori matan garin daga mashigi, ya kwashe shanun Fulani, ya mai da ruwan ɗorawa-ɗorawa shuɗi kamar bula. In ya gama sai ya share na asalin, wai yana cika masa waya, ya ɗora gyararren a Fesbuk.

Ni a Gwandu nake zaune da iyayena, amma duk hutu a Wurogauri nake. Ni ce mai littafin gida, inda nake rubuta haihuwa da rasuwa da shekarun da ruwa ya ci gona. Na taɓa roƙonsa ya ɗaukar mini Kaka in liƙa a ciki.

Ya ce, "Ɗiyata, ni ba mai hoton fasfo ba ne. Yanayi nika ɗauka."

Kaka na tankaɗe ta ce, "Yanayi ya ba ka tuwo, Ɗan Lagun."

Tuwon kuwa daga fadamar Kaka yake fitowa. 'Yar gona ce a bakin gulbi da marigayi kakanmu ya bar mata, shinkafarta ke riƙe gidan daga kaka zuwa kaka, har da Kawu da bai taɓa cire mata ciyawa ɗaya ba. Iyakarta da gonar maƙwabcinmu Malam Jibrin wani baƙin kututturen giginya ne da tsawa ta ƙona tun kafin a haife ni, yana tsaye daidai mashigin da ake ɗaure kwale-kwale.

Bara waccan ambaliya ta zo. Da ruwa ya janye, babu kunyar gona, babu gambar iyaka, babu kututture, sai yashi shimfiɗe fari fat. Malam Jibrin ya zo ya kafa turke taki arba'in cikin gonar Kaka, ya ce nan kututturen yake. Tsofaffin da aka tambaya suka rabu biyu, kowa da inda idonsa ya tuna. Magana ta kai gaban mai gari.

Ni ce na tuna da Kawu, kuma ba na yafe wa kaina. Na ce mutumin da ya shekara bakwai yana kwanciya a mashigin nan, ai ko bisa kuskure ya ɗauki kututturen. Kawu ya buga ƙirji. Ya ce hotunan wurin sun fi ɗari uku, yau za a san amfanin abin da ake yi masa dariya. Na ce ya nuna mini tukuna, ya ce a'a, sai a gaban jama'a. Har shadda ya sa.

A zauren mai gari ya miƙa wayar da hannu biyu. Mai gari ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wanga ina ne?"

"Mashiginmu ne, ranka ya daɗe."

"Mashiginmu? To ina mutane? Annoba aka yi ban ji ba?"

Aka kwashe da dariya. Waya ta zaga hannu zuwa hannu har ta isa ga Malam Jibrin. Ya ja hoto ɗaya, ya ja na biyu, ya ja na goma. Ga mashigi, ga kwale-kwale, ga bakin gaɓa sumul kamar an share da tsintsiya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Shaidarsu ce, ba tawa ba. Sun ce kututture na daidai mashigi. Ga mashigi. A nuna mini kututture."

Kaka ta juya daga inda muke zaune bakin ƙofa. "Muzzammilu, ina giginyar ubanka?"

Ya sosa ƙeya. "Inna, baƙi ne ƙirin, shina ɓata tsarin hoton. Na ɗan cire shi."

"Ka cire shi."

"A hoto kawai."

"To mai da shi."

"Na asalin... na share."

Na ga alamar zai gyara ɓarnarsa, sai ya ƙara ta. Ya ce wa mai gari in an ba shi minti biyar zai iya sa kututturen daidai inda yake, ba wanda zai gane. Mai gari ya cire tabarau ya ajiye.

"Wato kana cire itace, kana dasa itace, duk da yatsa. To ɗauke wayarka, samari. Ko gobe ka kawo mini hoto da kututture a ciki, ban karɓa."

Tunda shaidu sun rabu, shaidar da muka kawo da kanmu kuma ta juya mana baya, aka bar turken Malam Jibrin, aka ɗan ja shi taki goma don a rufa wa tsohuwa asiri. Taki talatin na gefen da ya fi riƙe ruwa suka tafi. Ban ce Malam Jibrin ƙarya ya yi da gangan ba, wataƙila haka ya tuna. Amma ni na zauna a kan kututturen nan na ci rake, ƙafata na taɓa igiyar kwale-kwale.

Muka kama hanyar gida, Kawu na biye da mu. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Amma kin ga yadda mai gari ya daɗe yana kallon na farkon nan? Ya burge shi."

Bana shinkafar Kaka ta ƙare tun kafin azumi, mahaifiyata ce ke aika mata daga Gwandu. Kawu na nan, yana cin rabonsa, yana zuwa lagun da hantsi. Ya ce tun da ambaliya ta share gaɓar wurin ya fi kyau, ba ya ma buƙatar gyara sosai.

Na sa an wanke mini hoton nan da ya burge mai gari, na liƙa a littafin gida, shafin shekarar ruwa. Na kai wa Kaka da biro, na ce ta nuna inda kututturen yake. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗora yatsa hagu da kwale-kwalen, inda ruwan Kawu ya fi shuɗi. Nan na zana kututturen, baƙi, karkatacce, da tsagar da tsawa ta yi masa. Da Kawu ya gani ya ce na lalata masa aiki.