Tsuntsun da ke Cikin Sandar Auta

Yayata ta yi shekaru tana sayar da 'yan kunnen kamfani a ɗan shagonta, har ranar da Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta shigo mata da yumɓun roba. Wani abu ne mai laushi kamar cingam, kala-kala, a murza shi a yi masa siffa, a gasa a ƙaramin obin ya yi tauri. Da na gani na ce, "Yaya, da girmanki za ki koma wasan yara?" Ta ce in rufa mata baki. Shekara ba ta zagayo ba sai ga matan da ke da zinariya a akwati suna zuwa neman sarƙar roba, ni kuma mai surutun na koma ina zura musu duwatsun sarƙa a zare.

Gaskiya dai Auta ce gwanar. Takan jera launuka ta haɗa hoton tsuntsu mai kaurin gwangwanin madara, sannan ta yi ta matsa shi tana ja, har ya koma doguwar sanda mai kaurin yatsa. Duk inda aka sa reza aka yanka, tsuntsun nan ne zai fito, da shuɗin fiffikensa da ɗigon idonsa. Yaya ta manna yankan a jikin dutse ko ɗan kunne, ta gasa, ta goge.

Zazzaɓi ne ya ɗauke Auta, ba ta ko yi doguwar jinya ba. Abin da ta bari a shagon sanda ɗaya ce mai tsawon hannu, naɗe a leda. Shi wannan yumɓun ba ya bushewa in ba a gasa shi ba, don haka sandar tana nan da laushinta kamar jiya aka yi ta.

Ni na yi kuka har muryata ta dishe. Yaya kuwa ko ɗigo. Da aka watse daga zaman makoki ta buɗe shago, ta share, ta zauna. In an yi mata gaisuwa ta ce, "Mun gode." In an ce ta ci abinci ta ci. In mace ta shigo ta ce mai tsuntsun take so, sai ta kwance ledar ta yanka.

Na ce, "Haba Yaya! Wannan fa ita ke nan, babu wata. Ki bar ta."

Ta ce, "To."

Washegari ta sake yankawa. Wallahi abin ya riƙa ci mini rai, don gara ta zage ni da wannan "to" ɗin. Na matsa mata ta gwada haɗa wata sandar da kanta. Ta gwada. Shuɗin ya ƙi fitowa, don Auta da ido take haɗa launi, ba ta taɓa gaya wa kowa yadda take yi ba. Tsuntsun Yaya ya fito kamar kazar da mota ta taka. Na yi dariya ko za ta taya ni, ta dube shi kawai ta ture gefe.

Sandar Auta ta yi ta raguwa, daga tsawon hannu ta koma taƙi, daga taƙi ta koma yatsa. Ranar da ya rage ɗan guntu kamar kan babban yatsa, Yaya ta ajiye rezar da kanta. Ta ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne. Zan gasa shi yadda yake in rataya a wuyana." Na ce alhamdu lillahi. Ta ɗora shi a gefen tebur. Kullum in na ce ta gasa, sai ta ce gobe.

To, masu wannan sana'ar ba sa zubar da komai. In an gama aiki, akan tattara duk ɓarɓashin da ya rage a tebur a murje shi wuri ɗaya, ya koma launin laka. Da shi ake yin cikin manyan duwatsu, a lulluɓe da launi mai kyau. Wata yamma wata mata ta zauna tana zuba wa Yaya labarin kalar mayafin da take son sarƙar ta dace da shi. Yaya tana cewa "e, e," hannunta kuma yana sharar tebur shi kaɗai, yana murzawa. Ina ɗago kai daga zaren da nake yi sai na hango siririn layin shuɗi a cikin dunƙulen.

"Yaya! Tsuntsun!"

Ta tsaya. Ta dubi gefen tebur, babu komai. Ta juya dunƙulen a tafin hannunta, ta sake juyawa. Matar ta ɗauki jakarta ta sulale.

Yaya ta ce, "Ya riga ya shiga."

Na fashe da kuka, ina faɗa, ina cewa sau nawa na ce ta gasa shi. Ta gutsuttsura dunƙulen, ta mulmula kowanne, ta lulluɓe su da ja, ta huda, ta jera a faranti kamar kullum. Ta ce, "Kunna mini obin."

Na kunna. Na ce, "Ko ɗaya ne ki cire ki ajiye, don Allah."

Ta miƙo mini farantin. Duk jajaye ne, girmansu ɗaya. Ta ce, "Wanne?"

Na daɗe ina kallonsu. Sai ta tura farantin cikin obin ta rufe.