Takalman Gindin Tsamiya

A waya na fara ganin hawan dutse, wasu mutane da igiya a ƙugu sun manne a jikin dutse kamar ƙadangaru. Lokacin ina koyarwa a Gusau, ina zaune a Damba, kuma ni mutum ne da in abu ya shiga kaina ba ya fita sai na yi shi. Na sa aka kawo mini takalmin hawa daga Kano, matsattse, mai roba a ƙasa. Matata ta jujjuya shi ta ce ko na yara aka aiko mini. Ban kula ta ba.

Da aka ba da hutu na tafi ƙauyen kawuna ta wajen Tsafe, inda wani ƙaton dutse yake tsaye bayan gonakin gero. Lokacin hanya ba ta lalace ba. Mutanen wurin suna hawansa, amma ba don wasa ba, sai don neman zuma ko bin akuyar da ta ɓata. Kuma ba sa hawa da takalmi, wai tafin ƙafa ya fi jin dutse. Kowa zai cire nasa ya ajiye a gindin wata tsamiya. Kawu ya ce mini ƙa'idar guda ce: muddin akwai takalmi a gindin tsamiyar, to akwai mutum a sama, ba a watsewa sai mai shi ya sauko.

A can gefe na ga wasu takalman roba da rana ta cinye har sun yi fari, an danne su da dutse. Na tambaya. Kawu ya rage murya ya ce na ƙanen wani tsoho makiyayi ne, ya hau neman zuma tun kafin a haife ni, bai sauko ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Mutanen gari sun daɗe da daina duba waɗannan takalman. Tsohon kaɗai ne bai daina ba. Kullum da la'asar sakaliya sai ya zo ya ɗaga kai ya yi kira sau uku, sannan ya koma wajen shanunsa.

Rana ta uku muka fita da 'ya'yan kawu biyu, magidanta ne, kowa da iyalinsa. Suka cire takalma suka ajiye. Ni kuwa tun daga gida na sa nawa na Kano, don haka ban ajiye komai ba, ban ma tuna ba. Suna ta tsokanata, wai ga Malam zai koya wa dutse boko. Zuciya ta ɗebe ni, na bar hanyarsu na bi wani tsagi ni kaɗai.

Takalmin yana kama dutse, wannan gaskiya ne. Ya kai ni wani ɗan tudu mai faɗin tabarmar salla, sai na ga sama sumul, ƙasa kuma ba na iya ganin inda na taka. Ashe hawa daban, sauka daban, kuma ba wanda ya nuna mini sauka a waya. Daga nan na hango 'yan'uwana sun sauko ta ɗaya ɓangaren. Suka sa takalmansu, suka dubi gindin tsamiyar, suka shige cikin gero. Sun san halina, sun ɗauka fushi na yi na koma gida. Na yi ihu har maƙogwarona ya bushe, iska ta tafi da shi. Waya ba sabis.

Sai wurin ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Daga cikin tsagin da ke bayana wani sanyi yake fitowa, da ƙanshin zuma, amma ban ga ƙudan zuma ko ɗaya ba. Na juya na ga guntun igiyar fata a maƙale a ciki, ta bushe ta yi baƙi. Ban taɓa ta ba. Na karanta duk abin da na iya. Tsoro na ji, tsoro na gaske.

Rana ta yi sanyi sai na ji murya daga ƙasa.

"Akwai kowa bisa?"

Na ce, "Ina nan!"

Da muryar ta dawo ta canza, ta zama siririya.

"Ƙanena, kai ne?"

Wallahi na san wanda yake nufi. Kawu ya faɗa mini komai. Amma na ji tsoron in na ce a'a zai tafi kiran mutane, duhu ya same ni a nan. Na ce, "Ni ne."

Tsohon nan ya hau, ƙafa ba takalmi, da igiyar ɗaurin shanu a kafaɗa. Ina jin numfashinsa tun kafin in gan shi. Da ya ɓullo, fuskarsa a jiƙe take. Ya dube ni da kyau, ya sauke ido kan ƙafafuna, ya daɗe yana kallon takalmin. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya riƙa nuna mini inda zan taka har muka sauka.

A gindin tsamiya na fara ba shi haƙuri. Ya sa takalmansa, ya duƙa ya gyara dutsen da ke kan na ƙanensa.

"Malam," ya ce, "in za ka hau, ka aje takalmi."

Ban sake hawa ba. Bayan hutu kawu ya kira ni, muna cikin hira ya ce tsohon ya daina zuwa kira tun daga ranar. Sun tambaye shi dalili, ya ce ya ji yadda amsa take, ba zai iya jin ta sau biyu ba. Takalman suna nan a ƙarƙashin dutsensu. Yanzu in la'asar ta yi, ba mai ɗaga kai ya tambaya ko akwai kowa a sama.