Haƙoran Kofur Sanda

Har yau ranar da na zazzage akwatin sito saboda Kofur Sanda ba ta fita raina ba. Lokacin ina Saje mai kula da kayan ƴan badujala, an sauke mu Bodinga muna atisayen faretin da za mu yi a Shagari.

Ku da ba ku busa ba, bari in gwada muku. Ƙahon tena, wannan matsakaici na tagulla, yana da ɗan ƙarfe da ake ɗora leɓe a kai, muna ce masa ƙoƙo. Mai faɗi da zurfi yana ba da murya mai kauri, amma yana cin iska. Matsattse yana hawa sama, amma yana cizon leɓe. Duka biyun haƙoran gaba suke jingina da su. To, Sanda, mai busa mana tena, ya faɗo daga babur da damina, haƙoransa na gaba sun tafi. Shekara guda ta rage masa ya yi ritaya.

Sufeto ya kira ni ya ce, "Saje, iska nika ji, ba busa ba. In ba ta gyaru kafin Asabar ba, gadin ƙofa za shi."

Ranar Talata muka zauna gindin dogonyaro, ni da Sanda da akwatin ƙoƙuna. Na ba shi matsattse, ya busa, leɓe ya fashe. Na ba shi mai faɗin gefe, muryar ƙasa ta fito, har na fara murna. Da ya nemi sama sai ta tsinke. Ya goge jini da hannun riga, ya ce in miƙo wani. Wallahi na gaji, kuma tausayinsa ya fi gajiyar. Har la'asar muna abu guda, akwati ya ƙare.

Na ce, "Kofur, in sa ka layin baya. Ka riƙe ƙaho, ka motsa yatsu, wa za ya gane?"

Ya ce, "Saje, duk shekarun ga, in ƙare da riƙon ƙaho kamar sandar kiwo? Ni dai na sani ai. Gaya ma Sufeto na amshi ƙofa."

Ya wanke ƙoƙon, ya shanya, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ranar Asabar a Shagari shi ne bakin ƙofar fili. Da muka zo wucewa ya ƙame, ido gaba. Amma yatsunsa uku na dama suna tafiya a kan ɗinkin wandonsa kamar yana danna maɓallan ƙaho, daidai da mu, bai kuskure ko ɗaya ba. Ni ne na rasa taki.

Abin da na koya ke nan, yara. Sito yana da madadin kowane ƙarfe, amma aikin ga da jikin mutum ake yinsa, kuma ba a ajiye mana na canji ba.