Waken Bayan Aji a Yargoje

A shekarun da kuɗin fetur suka sa gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, aka yi wa Malam Gide horon gaggawa, aka turo shi firamaren Yargoje ya koyar da Turanci. Ya ji daɗin wurin, domin Goggo, wadda ta rene shi, tana garin Ƙetare nan kusa, ga idonta ya fara dushewa. Duk Juma'a yakan hau keke ya kai mata itace da magani.

Littattafai ba su iso ba. Yara suna rera abin da ke kan allo, ba su san me suke faɗa ba. Da damina ta sauka, sai ya roƙi fili a bayan aji. Wasu su yi huɗa, wasu su shuka wake, amma mai neman fartanya ko iri sai ya nema da Turanci. Darasin ƙasa da ruwa da tsiro duk a nan ake yinsa.

To, mutanen garin sun sha ganin malamin da ke kai yara gayya gonarsa. Alhaji Mani, mai faɗa a ji, ya janye 'ya'yansa. Wasu suka bi.

Hedimasta ya kira shi gefe. "Malam, in ajin nan ya watse, ana neman malami a Sabuwa. Ka dai san hanyar can da damina."

Ya sani. Wanda ya shiga, ba fita sai kaka.

Kullum da safe yakan tsaya bakin aji yana kallon hanya, benci na ƙara zama fili. Bai gaya wa Goggo ba. Ita ce ta kama hannunsa wata Juma'a ta ce, "Gide, ina sauran naman jikinka?"

Wata rana ya gamu da Alhaji Mani a ƙofar masallaci.

"Malam, wake ya yi kyau. Allah ya sa rumbunka ya ɗauka."

"Alhaji, ai ba ni da rumbu."

"Ana ginawa."

Da kaka yaran da suka rage suka roro waken, suka sussuka. Kowa ya tashi ya faɗi da Turanci yadda aka noma shi, sannan aka raba gida-gida, har da gidajen da aka janye yara, tunda da hannunsu aka shuka. Malam Gide bai ɗauki ko ƙwaya ba.

An ce Alhaji Mani ya daɗe yana kallon ƙwaryar waken da aka kai gidansa. Ya ce, "Waken dai mun gani. Turancin kuma, Allah masani."

Ran Litinin 'ya'yansa suka dawo. Ba kowa ya bi ba, amma an daina ambaton Sabuwa. Malam Gide ya zauna har Allah ya yi wa Goggo rasuwa. Bayan sadakar arba'in, shi da kansa ya nemi a kai shi Sabuwa.