Yaya Sani da Yuraniyom Ɗin da Ba Ya Zama Bam

Shekara tara ke nan da rasuwar wana, Injiniya Sani, kuma har yau in na shiga kasuwar Bakori sayen masara sai wani ya nuna ni: ga ƙanin mai bam. Allah ya sani na gaji.

Yaya ma'aikaci ne a cibiyar bincike mai ƙaramar tukunyar nukiliya. Abin da yake yi da ita bai wuce auna ƙasar gona da taki ba, a gane abin da ke cikinsu. Damuwarsa ɗaya ce: makamashin tukunyar yuraniyom ne mai tsananin tacewa, irin wanda in ya faɗa hannun mugu zai iya haɗa makami. Shekaru ya yi yana cikin masu shirin canza shi da mai ƙarancin tacewa, wanda zai yi awo amma ba zai yi bam ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Da ya je Gozaki ɗibar ƙasar gona don ya auna wa manoma kyauta, sai aka baza cewa ma'adini yake nema don a ƙwace gonaki. Baffanmu Alhaji Isa da kansa ya kore shi daga gonar gado. "Kai Sani, ɗauke ledojinka, kada ka ƙona mana dawa!" Yaya ya rusuna, ya zazzage ƙasar, ya hau babur. Bai sake taka gonar ba har ya koma ga Allah.

Bayan rasuwarsa aka yi canjin, aka mayar da tsohon makamashin can ƙasar wajen da ya fito. Na garzaya Malumfashi da murna na gaya wa Baffa. Ya dube ni ya ce, "To, ashe dai da bam ɗin!"

Da Yaya na nan, me zai ce? Ina jin dariya zai yi, ya sake bayani daga farko. Ni ba ni da wannan haƙuri, musamman in na ga waɗanda suka guje shi suna zuba takin da ba su san abin da ke cikinsa ba, da kaka kuma su yi ta kuka.

Ba a sa sunansa a jikin komai ba. Amma hatsarin da ya tsorata ya bar ƙasar nan, kuma da guminsa a ciki. Masu zaginsa na cikin waɗanda ya kare, ko sun sani ko ba su sani ba. Allah ya jiƙanka, Yaya.