Libarbar da Yaya Orval Ya Zaɓa wa Twila

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Orval Tidwell a gidan gonarsa da ke arewa da garin Amarillo, bayan doguwar jinyar ciwon huhu. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas. Matarsa Nadine na riƙe da hannunsa, 'yarsa Twila na tsaye a kansa. Ni ina can wajen garke ina fasa ƙanƙarar da ta daskare a kwamin shanu, sai na hango Twila ta fito ƙofa babu rigar sanyi a jikinta. Ba ta kira ni ba, ba ta ɗaga hannu ba. Na ajiye gatarin na taho.

Yaya, mun binne ka kusa da Baba da Inna, kamar yadda ka ce a yi. Mutane sun cika cocin har waje, cikin wannan sanyi. Fasto ya nemi in tashi in yi magana a kanka, na tashi, amma muryata ta ƙi fita. Abin da na kasa faɗa a ranar shi nake rubutawa yau.

Ina ƙarami doki ya faɗa wa Baba ya rasu. Kai ka bar makaranta ka riƙe gonar, ka riƙe Inna, ka riƙe ni. Ban san fuskar uba sosai ba, taka na sani. Kai ka koya mini ɗaura sirdi da ja wa saniya ɗan maraƙi idan haihuwa ta zo da gardama. Kai ka koya mini riƙon libarbar Baba, ƙaramar bindigar hannu wadda ita ce kaɗai abin da ya bari mai daraja ban da ƙasa da shanu. Ƙarfenta baƙi ne mai ɗaukar ido, idan rana ta taɓa shi sai ya yi shuɗi-shuɗi kamar fiffiken hankaka. Kakan shimfiɗa tsumma a teburin kicin, ka zazzage harsashin, ka duba ka sake dubawa, sannan ka miƙo mini ita ta ƙota. Ban taɓa ganin ka yi wasa da ita ba, ban taɓa ganin ka nuna wa mutum bakinta ba. Ta maciji ce, da kuma dabbar da ta karye ba ta da sauran tashi.

Alherinka ba mai surutu ba ne. Duk wanda motarsa ta kafe a dusar ƙanƙara a hanyarmu ya san taraktarka ce za ta iso, kuma idan ya fara godiya za ka ce ya matsa ya tare maka hanya. Lokacin da matata Imogene ta rasu, ba ka yi mini wa'azi ba. Kullum da sassafe sai in ji motarka a tsakar gida. Ka shigo, ka dafa kofi, ka ce ya yi ɗaci, ka shanye, ka tashi. Haka ka yi ta yi har damina ta zagayo, har na soma iya cin abinci ni kaɗai. Ko sau ɗaya ba ka ambaci dalilin zuwanka ba.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba don ka mutu. Kana da taurin kai, kuma wadda ta fi kowa shan wahalarsa ita ce Twila. Allah bai ba ka ɗa namiji ba, Ya ba ka ita. Tun tana yarinya ta fi mu duka ido a kan shanu, kuma idan aka jera gwangwanaye a kan shinge, da hannunta na hagu take kaɗe su ɗaya bayan ɗaya muna kallo. Da ta girma ta ce ka bar mata kiwon ta riƙe, sai ka ce ba aikin mace ba ne, ka ba wani maƙwabci hayar rabin makiyayar. Ba ta yi musu da kai ba. Ta haɗa kayanta ta koma garin Lubbock, ta kama aiki a asibitin dabbobi. Takan zo Kirsimeti ta gaishe ka, ka amsa, shi ke nan. Na sha yi maka magana, kana ce mini, "Doyle, kula da shingenka." Nadine kuwa ta yi kuka har ta gaji.

Sai gobarar dajin bara ta zo. Iska ta kwaso wutar daga yamma da tsakar rana, ta fi doki gudu. Da kyar na fitar da ku kai da Nadine. Gidan da aka haife mu a ciki ya ƙone ƙurmus, da hotuna, da sirdin Baba, da komai. Da muka tona tokar muka sami libarbar Baba: ƙotar ta cinye, ƙarfen ya yi fari ya lanƙwashe. Ka juya ta a hannunka, ka mayar cikin tokar.

Washegari Twila ta iso, ba wanda ya kira ta. Muka fita neman shanu. Waɗanda suka mutu sun huta. Akwai waɗanda suka rage a tsaye, kofato ya zube, idanu sun makance, hantsa ta ƙone, 'yan maruƙa na zagaya su. Babu maganin da zai yi musu. Ka karɓi bindigar aro daga hannun maƙwabci, ka ɗaga, hayaƙin da ka shaƙa ya hana ka numfashi, ka kasa harbinsu. Ni ma na kasa, ba zan ɓoye ba. Twila ta zo ta zare bindigar daga hannunka a hankali ta ce, "Baba, koma mota." Ba ka koma ba. Ka tsaya ka ga 'yarka tana bin shanun da ta san iyayensu da kakanninsu, tana dafa goshin kowace kafin ta sallame ta. Har rana ta yi sanyi tana wannan aiki. Da ta gama ta zaga bayan mota ta yi amai, ta wanke fuska, ta dawo ta ce a fara zancen ciyawar da za a ba waɗanda suka tsira. Daga ranar ba ta koma Lubbock ba.

Ba ka janye maganar da ka yi mata a kan kiwon ba. Na san ka, kana so ka janye, taurin kai ne ya hana. Likita kuma ya riga ya gaya mana abin da ke cikin huhunka.

Da kaka ta yi, wata Asabar ka ce in kai ka kasuwar bindigogi da ake ci a Amarillo. Nadine ta ce ba inda za ka da tulun iska a hanci. Ka ce mata, "Tsohuwa, in na mutu a hanya Doyle ya san gida." Sai da muka hau titi ka gaya mini abin da za mu yi: libarba za ka zaɓa wa Twila, irin ta Baba.

Na tura ka a keken marasa lafiya tsakanin tebura, kana ta mita wai na fi jaki rashin iya tuƙi. Idanunka sun riga sun yi rauni, don haka ni ne idon, kai ne hannun. Na fara nuna maka wata fara mai walƙiya kamar madubi. Ko karɓa ba ka yi ba. "Wannan ta masu zuwa rawa ce," in ji ka. "Ni 'yata makiyayiya ce." Karo na farko ke nan da na ji wannan kalma a bakinka.

A wani tebur na ga wata baƙa wul, ba tabo ko ɗaya, na ce ai mun samu. Ka shafa ta da babban yatsa, ka bi rubutun da ke jikin ƙarfen, ka ce haruffan sun dushe, an goge ta ne an sake mata rini. Mai ita ya ce gaskiya ne, kuma aikin ya yi kyau. Ka ce ya yi kyau ƙwarai, amma kana son wadda ba ta ɓoye shekarunta ba.

Can ƙarshen zauren muka tarar da wani dattijo, Eusebio Carrasco, shi da matarsa, da 'yan bindigogi kaɗan a kan bargo. Ya buɗe gangar wata tsohuwar libarba, wato inda ake zuba harsashi, ya nuna maka babu komai a ciki, ya miƙo ta ta ƙota. Nan take ka sake da shi. Ka juya gangar kusa da kunnenka kana sauraro. Ka ja kunamar a hankali, ka girgiza gangar ka ji ba ta motsi. Ka sa na haska cikin bututun na gaya maka babu tsatsa. Sannan ka ce, "Faɗa mini launinta, kuma kada ka yi mini ƙarya."

Na ce baƙa ce, shuɗin na can ciki sai an karkata ta ga haske. Na ce a bakinta da gefen gangar rinin ya koɗe ya yi fari.

"Kube ne ya ci shi," ka ce. "Wani ya yi shekaru yana ɗauke da ita a kan doki, kuma bai bar ta ta kwana da danshi ba." Eusebio ya ce ta kawunsa ce, mai kiwon tumaki. Ka auna nauyinta a hannunka. Sai ka juya wajen matarsa ka ce, "Baiwar Allah, ara mini hannunki na hagu." Ta yi dariya ta ce shekara arba'in rabon da wani namiji ya nemi riƙe hannunta. Ka auna tafinta da naka, ka ce daidai da na Twila. Ta riƙe libarbar, yatsanta ya kai kunama ba tare da miƙewa ba. Yaya, shekara nawa rabonka da riƙe hannun 'yarka, amma ba ka manta girmansa ba. Na juya baya na yi kamar ina kallon wani tebur.

Ranar bikin godiya ga Allah da ake yi a ƙarshen kaka, bayan an ci talo-talo a ɗan gidan kwanon da kuke zaune tun bayan gobara, ka tura wa Twila libarbar a kan tebur, naɗe cikin wata rigarka. Ta buɗe ta daɗe tana kallo. Sai ta mayar ta rufe.

"Baba, ni da bindiga mun rabu tun ranar nan," ta ce. "Har yanzu ina ganin shanun nan."

Ta tashi ta fita. Na ga fuskarka a lokacin, ban taɓa ganinta haka ba, ko ranar da gida ya ƙone. Ka ce wa Nadine ta ɗora ta a kan kabad. A ranar na ɗauka ka makara, kai ma haka ka ɗauka.

Daga nan jiki ya ci gaba da tafiya. Kafin Kirsimeti ka daina tashi daga gado. Wata la'asar ina zaune kusa da kai, sai muka ji harbi daga bayan rumbun ciyawa, da ƙarar faɗuwar gwangwani. Ka buɗe ido. Aka sake, gwangwani ya sake amsawa. Ka kama hannun rigata ka ce in yi shiru, alhali ban ce komai ba. Har gangar ta ƙare ba mu ji harbin da ya tafi a banza ba.

Jim kaɗan Twila ta shigo, hancinta ya yi ja don sanyi, tana warin albarushi. Ta shimfiɗa tsumma a kan bargonka, ta buɗe gangar ta nuna maka babu komai a ciki, ta zauna ta fara gogewa. Kana numfashi da kyar, amma sai da ka sa baki: kada ta cika mai, ta goge inda yatsa ya taɓa, gishirin gumi na cin rini.

"Baba, na sani," ta ce.

"Na san kin sani," ka ce. "Tun tuni kin sani. Ni ne ban sani ba." Ka huta, sannan ka ƙara: "Garken naki ne, Twila. Da ma naki ne."

Ta kifa kanta a ƙirjinka, libarbar na gefe a kan tsumma. Ni da Nadine muka fita muka ja ƙofar. Makonnin da suka rage maka, ita ce ta yi ta juya ka, ita ke ba ka ruwa a cokali, tana ba ka labarin kowace saniya da sunanta. Sun yi kaɗan, Yaya. Sun yi kaɗan ƙwarai, kuma wannan ne ke cin raina: shekarun da kuka yi asara ba mai dawo da su. Amma na gode wa Allah da bai ɗauke ka ba sai da ka faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Orval. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya dubi marayan da ka rena da mutanen da ka fitar daga wahala ba ka jira godiya ba. Ya sauƙaƙa maka kwanciya, Ya ba ka numfashin da ka rasa a nan, Ya sada ka da Baba da Inna cikin rahamarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nadine, wadda ta yi haƙuri da kai fiye da shekara hamsin, ta kuma yi jinyarka ba ta taɓa ƙosawa ba. Allah Ya ba ki dangana, Ya zama gatanki. Twila, 'yata, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya albarkaci hannunki da garkenki. Haka kuma ga sauran dangin Tidwell, da dangin Nadine, da maƙwabtan da suka haƙa kabari a daskararriyar ƙasa, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ni kuwa, ga ni da furfura, yau ne na zama maraya. Babu sauran wanda zan kira Yaya a duniya. Allah Ya sa mu sadu da alheri. Amin.

Ƙaninka, Doyle Tidwell