Taɓaryar Inna Thược

Shekara arba'in da ɗaya Inna Thược tana buga ƙararrawar haikalin Buddha na ƙauyenmu, safe da yamma. 'Yar guntuwar tsohuwa ce mai rinannun haƙora, ga baki kamar reza. Ko makaranta ba ta taɓa shiga ba.

Gungumen da ake dukan ƙararrawar da shi kowa taɓarya yake ce masa. Ita kaɗai ke kiransa kình, yadda ta ji a bakin kakanta, wato uban kifayen teku. Da siffar kifin aka sassaƙa shi, har da ɓawo. A saman ƙararrawar kuma akwai ɗan dodo na tagulla. Tsofaffi suka ce babu abin da dodon nan yake tsoro sai wannan kifi, ihun da yake yi idan kifin ya taso masa shi ne ƙarar da muke ji.

Da gara ta cinye tsohon gungumen, shugaban haikali ya sa Lẫm kafinta ya yi sabo. Ya kawo shi sumul, yana ƙyalli.

"Kai ɗan nan, ina kifin?" in ji Inna.

"Wane kifi, Inna? Miya za ki yi?"

"Ji mini sakarai! Wa ka taɓa gani ya ji tsoron taɓarya in ba shinkafa ba?"

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Kwana uku ta ƙi taɓa igiyar da ake jan gungumen da ita. Shugaba ya ce in ta kai gobe, wani zai karɓi aikin. Ranar na ga ta yi kuka, raina ya ɓaci ƙwarai.

Washegari da la'asar ta zo da wuƙar yankan alayyafo. Ta fafe ido biyu a kan sabon gungumen, ɗaya ya fi ɗaya girma, ta tsaga masa baki karkatacce. Lẫm ya dafe kai. Ta ja igiya, ta saki.

Lẫm ya ce wallahi ƙarar ɗaya ce da ta jiya da ya gwada. Inna ba ta ji shi ba, domin kunnenta ɗaya ya mutu tun tuni, ɗayan ma saura kaɗan. Ta ɗora tafin hannu a jikin ƙararrawar, ta daɗe a haka.

"Yauwa," ta ce. "Jikin dodon na rawa. Ya gane shi."